Turbo, ɗagi ko manyan tayoyi: da wanne za a fara a tsohuwar Land Cruiser 80?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Malam, ina da Land Cruiser 80 ƙirar 1996 mai injin man gas 1HZ da giyar hannu, ta haura kilomita 400,000. Ina shiga gona da ita ta burji da yashi, wani lokaci kuma nakan je Maraɗi da Damagaram. Ba ta da ƙarfi a hawa, kuma idan na kunna esi da rana sai allurar zafi ta ɗaga. Bakanikena ya cire tamostat, ya ɗaure fanka dairek, ya kuma ba ni shawarar in sa mata turbo, in ɗaga ta inci 4, in sa tayoyi masu inci 35. Kuɗina ba za su isa a yi duka lokaci guda ba. Da wanne zan fara?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da na fahimta shi ne kana da mota mai ƙorafi biyu, rashin ƙarfi da ɗaukar zafi, an kuma kawo maka magani uku, kana son a jera maka su. Amsata ita ce kada ka fara da ko ɗaya daga cikin ukun. Duk ukun nauyi suke ƙara wa inji da ƙafafun mota, alhali allurar nan da ke ɗagawa tana shaida cewa motar ba ta ma iya ɗaukar nauyin da ke kanta yanzu. Kuɗin farko na gyara ne, na dawo da ita yadda ta fito daga kamfani. Bayan haka za a ga cewa wani ɓangare na shawarar bakanikenka yana da amfani idan an rage shi, wani kuma barinsa ya fi.

Irin motar da ke hannunka

Toyota ta ƙera Land Cruiser 80 daga 1990 zuwa 1997, da aksil ɗin gaba da na baya duka dunƙulallu, a kan sifirin mai naɗi. Injin 1HZ mai silinda 6 ne a jere, lita 4.2, yana ba da ƙarfin doki kimanin 130 da ƙarfin juyi kusan Nm 285. Motar da ba kaya tana haura tan 2, don haka tun tana sabuwa ba mai gudu ba ce. An yi injin ne don ya daɗe, ya haƙura da man da bai cika tsabta ba, kuma bakanike ya iya buɗe shi ba tare da kwamfuta ba. Shi ya sa ake samunsa a Land Cruiser 70 da bas ɗin Coaster, shi ya sa kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko kasuwannin Nijar. Wannan sauƙin samun kaya babbar dukiya ce, kuma duk sauyin da ka yi wa motar yana rage maka ita, domin abin da ka sa na musamman idan ya karye a ƙauye ba za ka same shi a kasuwar ƙauyen ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a tambaya: rashin ƙarfin da kake ji, na asalin injin ne ko na tsufa? A abin da na saba gani a gareji, yawancin masu 1HZ da ke neman turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ba su taɓa jin lafiyayyen 1HZ ba. Nozul ɗinsu sun gaji, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ba a gyara tazarar bawul ba shekara da shekaru, lokacin feshin famfo ya goce, wani lokaci ma birkin baya yana kamawa. Injin da ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa ta waɗannan hanyoyi, dawo masa da abinsa ya fi arha nesa ba kusa ba.

Zafi

Zan daɗe a nan domin zafi ne ke kashe wannan inji. Tof silindar 1HZ doguwa ce, kuma a cikinta akwai ƙananan ɗakunan ƙuna, ɗaya kan kowace silinda, inda ake fesa mai ya fara kamawa kafin wutar ta fito kan fistin. Wannan tsari yana sa injin ya yi aiki cikin laushi, amma yana barin zafi mai yawa a cikin tof silindar. Idan ruwa ya tafasa ko da sau ɗaya ne mai tsanani, tana iya tsagewa ko ta lanƙwashe, gasket ya ƙone. Allurar da ke gaban direba kuwa ba ta saurin magana. Takan tsaya a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka, sai abu ya yi nisa take motsawa. Saboda haka ɗagawar da kake gani ba ƙaramin gargaɗi ba ce.

Cire tamostat al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, hujjarta kuma ita ce wai na ƙasashen sanyi ne. Na san masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi, amma kuskure ne. Tamostat yana riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 80, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. A irin wannan inji yana da aiki na biyu: idan ya buɗe, gindinsa yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, sai wani kaso na ruwan zafi ya riƙa zagayawa a cikin inji bai taɓa ganin lagireto ba. Da safe a lokacin sanyi injin ba ya ɗumama, mai ba ya ƙonewa da kyau, ringi yana ci. Da rana a hawa kuma yana iya yin zafi fiye da da. A mayar da shi, na asali, mai gindin.

Fankar ma haka. Kan fankar yana da wani mai kauri a ciki wanda ke sa ta kama sosai idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, ta saki idan ta huce. Da tsufa man yana raguwa, fankar ta riƙa juyawa a banza, kuma wannan na cikin manyan dalilan zafi idan an kunna esi. Ɗaure ta dairek yana ɓoye matsalar, amma yana cin ƙarfin injin da ka riga kake kukan ba shi da shi, yana ƙara shan mai, yana wahalar da fambel da boris ɗin famfon ruwa. Ana iya buɗe kan a zuba masa sabon mai, ko a sayi sabo.

Sauran aikin sananne ne amma sai an yi shi duka. A sauke lagireto a duba cikinsa. Idan bututunsa sun cika da tsatsa da farin dutsen ruwan rijiya, a sauya shi. A wanke tsakaninsa da abin sanyaya esi da ke gabansa, domin nan ne ƙaiƙayi da ciyawa da laka ke taruwa a motar gona, ba a ganinsu sai an ware su. Murfin fanka da ake yawan jefarwa a mayar da shi. A sa sabon murfin lagireto, domin matsin da yake riƙewa, kusan bar 0.9 a ma'aunin matsi, shi ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. A sauya tiyoyin ruwa har da ƙananan da ke bayan inji, a zuba ruwan sanyaya na gaske wanda ke hana tsatsa. Daga nan a sa ma'aunin zafi na daban mai nuna lamba. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da tof silinda.

Idan an yi wannan duka ruwa yana ci gaba da raguwa, ko ana ganin kumfa tana fitowa a bakin lagireto inji yana aiki, ko tiyo yana kumbura da tauri tun injin bai yi zafi ba, to ɓarnar ta riga ta faru, sai an sauke tof silinda an gwada ta.

Tun da an buɗe gaban injin, a sauya bel ɗin taimin da abin da ke ɗame shi idan ba a san ranar da aka sa na ciki ba. Ƙa'idarsa a motocin zamanin taka kilomita 100,000 ne, kuma idan ya tsinke fistin yana dukan bawul. A kai nozul da famfo wurin mai na'urar gwaji, a gyara tazarar bawul, sannan a auna matsin kowace silinda. Littafin gyara na Toyota ya sa lafiyayyen matsi wajen psi 525, mafi ƙaranci wajen 385, bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 70. Daga nesa ba zan iya yanke wa injinka hukunci ba. Lambobin matsin silinda shidan su ne za su faɗa mana ko akwai maganar turbo ko babu.

Maganar turbo

Toyota ta yi injin turbo na wannan mota tun daga kamfani, wato 1HD-T, daga baya kuma 1HD-FT mai bawul 24. Girmansu ɗaya da 1HZ, lita 4.2, amma cikinsu daban. Suna fesa mai kai tsaye kan fistin ba tare da ƙaramin ɗakin nan ba, fistin ɗinsu ya fi kauri, kuma an rage musu matsi zuwa wajen 18.6 bisa 1, alhali na 1HZ ya haura 22 bisa 1. Kamfanin da ya ƙera injin bai ɗauko 1HZ ya manna masa turbo kawai ba, sai da ya sauya waɗannan abubuwa. Wanda ya manna turbo a 1HZ yana tura ƙarin iska da ƙarin mai cikin injin da matsinsa ya riga ya yi yawa kuma tof silindarsa ta riga ta saba tara zafi. Abin da ke biyo baya idan an wuce gona da iri shi ne tsagewar fistin, tsagewar ƙananan ɗakunan ƙuna, da ƙonewar gasket.

Ba na cewa ba a yi. A Ostareliya, inda wannan mota ke da yawa, mutane da dama sun sa, wasu kuma sun daɗe suna amfani da motocinsu. Waɗanda suka tsira abu ɗaya suka haɗu a kai: lafiyayyen inji, matsin turbo kaɗan, tsakanin psi 7 zuwa 10, salansa mai faɗi, sau da yawa da abin sanyaya iska kafin ta shiga inji, sai kuma ma'aunin zafin hayaƙi a gaban direba. Wannan ma'auni shi ne jigon aikin. Abin da ke narka fistin yawan mai ne fiye da iskar da za ta ƙona shi, kuma zafin hayaƙi yana iya hawa cikin daƙiƙoƙi alhali allurar ruwa ba ta motsa ba. Masu wannan aiki sukan riƙe digiri 550 a matsayin iyaka idan an dasa ma'aunin bayan turbo, ko wajen 700 idan gabansa yake. Direban da ya ga an kusa iyaka sai ya sassauta ƙafa ko ya sauko giya.

Abin da ke ba ni tsoro a wurinmu shi ne yadda ake yin aikin. A samo turbo na Beljiyam wanda ba a san daga wace mota ya fito ba, a yi masa walda a kan bututun hayaƙi, a buɗe sukurun mai na famfo har mota ta fara turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, mai mota ya ji ta yi ƙarfi ya biya yana murna. Baƙin hayaƙin nan mai ne da bai ƙone ba, kuma alama ce cewa cikin injin yana dahuwa. Na sha karɓar irin waɗannan motoci bayan 'yan watanni da fistin a fashe. Ga kuma kuloci, wanda yakan fara zamewa da zarar ƙarfi ya ƙaru.

A ganina, injin da ya haura kilomita 400,000 kuma yana da tarihin zafi bai dace da turbo ba sai an sake masa ciki. Idan ƙarfin ne dole, hanya mafi aminci ita ce a nemi cikakken injin 1HD-T da famfonsa a dasa, ko a sayar da wannan a sayi mai turbo ta asali. Wanda ya sayi 1HD-T ya sauya metal ɗin ƙasan kwanrod kafin ya hau hanya, domin an san na farko-farkonsu da saurin cin metal, ya kuma gyara takardun mota su nuna lambar sabon injin, musamman kai da kake ƙetara iyaka.

Ɗagi da tayoyi

Akwai abin da ba a cika bayyana wa masu mota ba. A motar da aksil ɗinta dunƙulalle ne, ɗaga sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa. Ƙwaryar aksil, wadda ita ce mafi kusa da ƙasa kuma ita ke fara dukan kunya ko dutse, tana nan inda take. Taya ce kaɗai ke ɗaga ta, da rabin abin da aka ƙara. Tayar asali tana kusa da inci 31 zuwa 32. Mai lamba 285/75R16 kusan inci 33 ce, mai 315/75R16 kuma ita ake kira 35. Ta 35 za ta ba ka ƙarin inci ɗaya da rabi a ƙarƙashin aksil, amma za ta tsawaita kowace giya da kusan kashi 10 cikin 100. Ma'ana ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da wannan gwargwado, giya ta biyar ta zama ta ado, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da mota, ma'aunin gudu ya riƙa nuna 90 kana kan 100. Motar da ke kasa hawa da tayar asali, ka ƙiyasta yadda za ta yi. Gyaran wannan shi ne sauya haƙoran aksil daga 4.10 na asali zuwa 4.56 ko 4.88, gaba da baya tare, kuma aiki ne mai tsada da ke buƙatar hannun da ya ƙware.

Ɗagin inci 4 shi ma yana jawo jerin ayyuka. Aksil ɗin gaba yana juyawa a kan hannuwansa, sai karkatar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa ta ɓace, mota ta riƙa yawo a kan kwalta. Sandar da ke riƙe aksil daga gefe tana jan shi ɓangare guda. Tiyoyin birki suna ɗamewa, farfela tana rawa, bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon kaya yana ɗaukar cewa bayan mota ba nauyi, sai ya rage wa birkin baya ƙarfi. Kowanne yana da magani, amma kowanne kuɗi ne, kuma motar da aka ɗaga ba a yi su ba haɗari ce ga iyalin da ke ciki. Ta fi kuma saurin kifewa idan aka kauce wa rami da gudu, balle an ɗora buhuna a rufi.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne inci 2, da sabon sifirin da shokazoba masu kyau, a gyara karkatar gaba da bushin da aka yi don haka, a daidaita bawul ɗin birkin baya. Sifirin ɗinka na shekaru kusan 30 ya riga ya zauna, don haka ko sabo na tsayin asali ka sa za ka ga motar ta miƙe. Taya kuma kada ta wuce 33, mai ƙarfin gefe irin ta ɗaukar kaya, duka girma ɗaya har da safaya. A duba lambobi huɗu da ke gefenta masu nuna mako da shekarar ƙira, domin tsohuwar taya mai kyan fuska ita ke fashewa a zafin bazara. A yashi kuwa, rage iska zuwa wajen psi 18 ko 20 yana yin abin da ɗagi ba ya yi, da sharaɗin kana da famfon iska a mota ka mayar kafin ka hau kwalta.

Kafin ko taya ɗaya ta ƙaru, a buɗe gwiwoyin aksil ɗin gaba. Idan ka leƙa bayan tayar gaba ka ga baƙin mai yana tsiyaya a kan ƙwallon ƙarfen nan, silin ciki ya mutu, man aksil ya gauraya da giris ya wanke mahaɗin da ke juya taya. A sauya sil da boris na gwiwa da na taya, a cika da baƙin giris ɗin da aka yi don mahaɗin. A ɗaure notunan hannun sitiyari da ke ƙarƙashin gwiwa, domin sukan kwance kuma karyewarsu na nufin sitiyari ya rabu da taya. A kankare shasi a wurin da akwatin sitiyari ya zauna a nemi tsaga, wuri ne da aka san 80 da shi, manyan tayoyi kuma suna ƙara shi. A sauya man birki da tiyoyinsa, da bushin ɗin da suka mutu.

Sauye-sauyen da na ga sun fi biyan mai motar gona ƙanana ne: ƙarin matatar man gas mai raba ruwa, domin famfon 1HZ da man yake samun santsi kuma gurɓataccen mai ko wanda aka haɗa da kananzir yana cinye shi, bututun shan iska daga sama don rage ƙurar da ke shiga matata a burji, tsawaita bututun numfashin aksil saboda tsallaka rafi da damina, da sauya baƙin mai duk kilomita 5,000. Matatar iska ta asali kuma a bar ta a akwatinta, kada a musanya ta da buɗaɗɗiya ta masu tsere.

Saboda haka kuɗin da ke hannunka yanzu ka raba su biyu: ruwa da taimin da nozul da awon matsi a gefe guda, gwiwoyi da birki da bushin a ɗaya gefen. Ka hau motar wata biyu ko uku da kayan da ka saba ɗauka, har da tafiyar Maraɗi da rana tsaka da esi a kunne, kana kallon sabon ma'aunin zafi. Idan ta zauna lafiya, sifirin na inci 2 da taya 33 su biyo baya idan kuɗi sun samu. Idan an auna matsin, ka aiko mini da lambobin silinda shidan da abin da mai gwajin famfo ya gani, sai mu duba ko injin gyaran ciki yake buƙata ko musanya.